Kwafar Sautin Amfilifayar Jita a Situdiyon Gida: Abin da Kwamfuta ke Kamawa da Abin da ke Kufce Mata

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake kwafar sautin amfilifayar jita a mayar da shi fayil ɗin da kwamfuta za ta yi aiki da shi, a ɗakin da ba a gina domin ɗaukar sauti ba. Ta bi tarihin fasahar a taƙaice, ta bayyana matakan aikin, sannan ta tsaya a kan abubuwan da ke ɓata kwafi. Matsayarta ita ce, kwafi awo ne na saiti guda a yanayi guda, kuma ingancinsa ya fi rataya a kan daidaita ƙarfin sigina, da tsayuwar wutar lantarki, da rubuta bayanin yadda aka yi awon, fiye da tsadar kayan aiki.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jona jitar lantarki kai tsaye a mikisa ya san muryar da take fitarwa: siririya, busasshiya, ba ta da nauyi. Muryar da muka saba ji a faifai, kaso mai yawa na cikinta daga amfilifaya da akwatin sifika yake fitowa. Amfilifayoyin da suka kafa wannan murya masu bawul ne, wato kwalaben gilashin nan da ke ɗaukar zafi, irin su Fender Bassman da ta fito a 1952, da Vox AC30, da Marshall JTM45 ta 1962. Halinsu shi ne ba su cika sakin muryarsu ba sai an ƙure su. Amfilifaya mai watt 50 ko 100 idan aka ƙure ta a ɗakin kwana, maƙwabta ne za su fara ƙwanƙwasa ƙofa, ga nauyi, ga tsada, ga bawul da ke tsufa.

Tun tsakiyar shekarun 1990 injiniyoyi ke neman mafita. Kamfanin Line 6 ya fitar da AxSys a 1996, ya biyo da POD a 1998, sai Fractal Audio ya kawo Axe-Fx a 2006. A wannan zango injiniyan kamfani ne ke nazarin amfilifaya, ya rubuta lissafin da zai kwaikwaye ta, makaɗi kuma ya karɓi abin da aka ba shi. Masu bincike a jami'o'i ma sun bi wannan turba ta buɗe cikin na'ura: a 2006 David Yeh da Julius Smith na Jami'ar Stanford sun gabatar da lissafin sashen gyara murya na Bassman ƙirar 1959.

A baje kolin NAMM na 2011 ne Christoph Kemper, Bajamushen da ya ƙera Access Virus, ya juya lamarin. Na'urarsa tana tura siginar gwaji cikin amfilifayar makaɗi, ta saurari abin da ya fito, ta daidaita kanta, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, ciki har da Eero-Pekka Damskägg da Alec Wright da Vesa Välimäki, suka nuna cewa ragar lissafi irin ta ƙirƙirarriyar basira tana iya koyon halin amfilifaya mai bawul, ta kuma yi aiki nan take a kwamfuta. Quad Cortex ta kamfanin Neural DSP ta shiga kasuwa a 2021, TONEX ta IK Multimedia a 2022. Wadda maƙalar nan za ta fi kafa misali da ita ita ce Neural Amp Modeler, wato NAM, da Steven Atkinson ya fara a 2019, domin kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke, kowa na iya duba yadda take aiki.

2.0 Inda sarƙar ta rabu biyu

Daga tsirkiya zuwa kunne akwai sarƙa: fikof ɗin jita, waya, sashen farko na amfilifaya, sashen ƙarfi, taransifomar fita, sifika, akwatinta, makirufo, ɗaki. Ta fuskar lissafi, sarƙar ta kasu gida biyu, kuma kowane gida da irin awonsa.

Sifika da akwati da makirufo, matuƙar ba a matsa musu ba, miƙaƙƙen tsari ne. Idan aka ninka abin da ya shiga, abin da ya fita zai ninku, kuma ba sa ƙirƙiro sabon amo. Abin da suke yi tacewa ne: sifikar jita tana dusashe kusan duk abin da ya haura 5,000 Hz, ta ɗaga wasu wurare a tsakiya. Irin wannan tsari ana iya kama halinsa da awo guda, wato amsar da yake bayarwa ga bugu ɗaya tak, abin da masu situdiyo ke kira IR. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Angelo Farina na Jami'ar Parma ya gabatar a shekarar 2000: a tura amo mai hawa daga ƙasa zuwa sama, a ɗauka, a warware da lissafi. Fayil ɗin ɗan ƙarami ne. Samfur 1,024 a awon 48,000 cikin sakan kimanin milisakan 21 ne kawai, amma ya ishi a gane akwati.

Ita amfilifaya ba ta bin wannan ƙa'ida. Da sigina ta fi ƙarfin bawul, sai ya fara daddatse kan igiyar sauti, daga nan 'ya'yan amo su tsiro a kan uwar amon. Wannan shi ne kaushin da makaɗa ke nema. Yawan kaushin yana bin ƙarfin hannu: a shafi tsirkiya murya ta fito garau, a doke ta murya ta tsage. Sannan tana da ƙwaƙwalwa. Idan aka doki tsirkiyoyi da ƙarfi, wutar da ke ciyar da sashen ƙarfi takan noƙe na ɗan lokaci kafin ta farfaɗo, saboda haka amon da ke fita yanzu ya dogara da abin da ya gabace shi. IR ba ya iya kama wannan. Nan ne ragar lissafi ta shigo.

3.0 Matakan aikin

Kayan ba su da yawa: kwamfuta, katin sauti, akwatin Reamp, amfilifaya, sai makirufo ko akwatin lodi, wanda ke maye gurbin sifika a bakin fitar amfilifaya. Ana kunna fayil ɗin gwaji na NAM, mai tsawon minti 3 da 'yan sakanni, a awon 48,000 da bit 24. Yana fita daga katin sauti, ya ratsa akwatin Reamp, ya shiga amfilifaya, abin da ya fito a sake ɗauka. Akwatin Reamp, wanda John Cuniberti ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990, aikinsa shi ne ya sassauta siginar katin sauti ta koma irin wadda bakin amfilifaya ya saba karɓa daga jita, ya kuma raba atin ɗin ɓangarorin biyu da taransifoma don kashe ƙugi.

Daga nan sai mai aiki ya zaɓa. Ko ya kwafi amfilifaya tare da sifika ta hanyar makirufo, ko ya kwafi amfilifaya ita kaɗai ya ɗora mata IR daga baya. A ɗakin gida na fi karkata ga hanya ta biyu, domin ɗaki mai bangon siminti da tayil yana mayar da amsa-kuwwa, kuma kukan babur ko kiran wani daga tsakar gida zai shiga awon. Sai dai a nan akwai haɗari da ya wajaba a faɗa ƙarara. Amfilifaya mai bawul ba a kunna ta a tura mata sigina babu sifika ko akwatin lodi a bakin fitarta, taransifomar fita na iya ƙonewa. Ba a kuma jona bakin sifika kai tsaye a katin sauti: watt 100 a kan ohm 8 ya kai kimanin volt 28, abin da zai kashe katin. Cikin amfilifayar kuwa akwai volt 400 zuwa sama, kuma wutar takan zauna ko bayan an zare soket, don haka ba wurin sa hannun wanda bai koya ba ne.

Akwatin lodi ma iri biyu ne. Akwai mai turjiya ɗaya tal, akwai mai kwaikwayon sifika. Sifikar da aka rubuta wa ohm 8 ba ta zama a 8 ɗin: turjiyarta tana yin tozo a kusa da 100 Hz, ta sauka, ta sake hawa a hankali wajen amo masu tsini. Sashen ƙarfi mai bawul yana bin wannan hawa da sauka, shi ya sa kwafin da aka yi da lodi mai turjiya ɗaya yakan fito a daƙushe. Raga ba ta yi kuskure a nan ba, abin da aka ba ta shi ta koya.

Wanda ya zaɓi makirufo, galibi Shure SM57 zai ɗauko, wadda ake ƙerawa tun 1965. Sai ya haska tocila ta cikin ƙyallen gaban akwati har ya hango hular da ke tsakiyar takardar sifika, ya manna ɗan salatif a daidai inda hular ta haɗu da takardar, ya kafa makirufo har ya kusa taɓa ƙyallen. Ya matsa da shi faɗin yatsa biyu zuwa tsakiya, murya ta ƙara tsini. Ya ja shi gefe, ta yi duhu. Idan makirufo biyu ne, tazararsu daga sifika abin lura ne. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan, saboda haka bambancin santimita 17 jinkiri ne na rabin milisakan, wanda zai haƙa rami a daidai 1,000 Hz idan aka haɗa su, wato tsakiyar muryar jita.

Bayan ɗauka sai horarwa. Manhajar tana amfani da wasu 'yan ƙyas-ƙyas da ke farkon fayil ɗin don gano jinkirin da ke tsakanin shiga da fita, ta daidaita su, sannan ta yi ta bitar fayil ɗin tana rage kuskure. Wanda kwamfutarsa ba ta da katin hoto mai ƙarfi yana iya yin horarwar ta intanet a Google Colab.

4.0 Ƙarfin sigina

A ganina nan ne mafi yawan kwafi ke lalacewa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Tunda kaushin amfilifaya yana bin ƙarfin abin da ya shige ta, dole kwafi ya san cewa lamba kaza a kwamfuta tana nufin volt kaza a bakin amfilifaya. Kwamfuta ba ta san volt ba. Abin da ta sani shi ne rufi, wato matakin da katin sauti ke cika, kuma kowane kati da nasa rufin.

A ɗauki misali. Mai kwafi ya yi aikinsa ta yadda rufin kwamfuta ya yi daidai da +12 dBu, wato ma'aunin volt na sigina, a bakin amfilifaya. Ya tura fayil ɗin ga abokinsa, wanda bakin jita na katinsa ke cika a +6 dBu. Jita ɗaya, hannu ɗaya, amma a wajen abokin sigina za ta isa ga kwafin da ƙarin desibel 6, wato ninki biyu na volt. Amfilifayar da aka kwafa tana kan gaɓar tsagewa, mai amsa taushin hannu, sai ta koma mai kaushi tun daga taɓawar farko. Abokin zai ce kwafin ba shi da rai, ko ya ce fasahar ce ba ta kai ba, alhali kuwa awo ne bai daidaita ba.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A tura amo tsayayye daga kwamfuta, a auna volt ɗin da ke fita daga akwatin Reamp da mitar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, a lissafa rufin, a rubuta. Sababbin fitowar NAM sun ba da gurbin da za a ajiye wannan lamba a cikin fayil ɗin kansa, manhajar ta daidaita wa mai kaɗawa idan shi ma ya san rufin katinsa. Haka kuma jita tana son bakin da turjiyarsa ta kai kimanin ohm miliyan 1. Aka jona ta a bakin layi na yau da kullum, tsininta zai zube tun kafin ta isa ga kwafin.

5.0 Wutar lantarki

Yawancin bayanan da ake rubutawa kan wannan aiki daga Turai da Amurka suke, inda ake ɗauka cewa abin da ke fitowa daga soket tsayayye ne. Ga mai situdiyo a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba haka abin yake ba, kuma wannan ya shafi awo kai tsaye. Amfilifaya mai bawul yawanci ba ta da abin da ke daidaita wutar cikinta. Wutar gari ta sauka, wutar da ke kan bawul ta sauka tare da ita, kaushi ya zo da wuri, murya ta yi laushi. Idan hakan ya faru a tsakiyar minti 3 ɗin gwaji, an ba raga amfilifaya biyu a fayil ɗaya, ita kuwa za ta koyi wani abu a tsakaninsu wanda bai yi daidai da ko ɗaya ba.

Abin sha'awa, NAM tana da hanyar kama wannan. Akwai wani yanki da ake maimaitawa sau biyu a fayil ɗin gwaji, kuma manhajar tana kwatanta amsoshin biyu kafin ta fara horarwa. Idan sun saɓa da yawa sai ta yi gargaɗi. Bai kamata a tsallake gargaɗin nan ba, domin shi ne shaidar cewa wani abu ya motsa: ko wuta, ko bawul da bai gama ɗumama ba, ko hayaniya.

Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50 Hz daram, yana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, firji ya tashi murya ta canza. Sitabilaiza mai tsalle daga mataki zuwa mataki tana jefa ƙara a cikin ɗauka duk lokacin da ta tsallaka. Inbata mai arha wadda igiyar wutarta ba santsi gare ta ba tana cusa zuza a taransifoma. Abin da ya fi dacewa shi ne inbata mai tsabtatacciyar igiya a kan batir, a cire sauran kaya daga layin, a bar amfilifaya ta ɗumama kamar minti 20, a kuma sa mita a soket a rubuta abin da ta nuna a farko da ƙarshen ɗauka. Amfilifayar da aka shigo da ita daga Amurka an ƙera ta ne don volt 120 da 60 Hz. Ko an sauke mata wuta da taransifoma, za ta fi ɗaukar zafi a 50 Hz, kuma ya kamata a ambaci haka a bayanin kwafin.

6.0 Lamba da kunne

Bayan horarwa manhajar tana ba da lamba guda, ESR, wato ƙarfin kuskure a kan ƙarfin siginar asali. ESR na 0.01 yana nufin kuskuren kashi 1 cikin 100 ne, desibel 20 ƙasa da sigina, 0.001 kuwa desibel 30 ne. Lambar tana da amfani, amma an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Ƙugi da shuu na amfilifaya mai kaushi sosai suna ɗaga ta, alhali raga ba ta iya koyon hayaniyar da ba ta da alaƙa da abin da ya shiga. Sannan amo masu kauri su ke ɗauke da mafi yawan ƙarfi, don haka kuskure a wajen masu tsini, inda kunne ya fi kaifi, yana iya ɓuya a bayan lamba mai kyau. Hukunci na ƙarshe na kunne ne, da sharaɗin a daidaita ƙarar biyun, mai sauraro kuma bai san wanne ne wanne ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kufcewa ko da awo ya yi kyau. Ragar NAM ta asali, wadda aka gina a kan tsarin WaveNet da DeepMind ya fitar a 2016, tana waiwayen samfur 4,093 ne kacal, kimanin milisakan 85. Duk abin da ya fi haka daɗewa ba ta ganinsa: doguwar amsa-kuwwa, ko noƙewar wutar da ke jan lokaci kafin ta farfaɗo. Abin da ke juyawa da kansa, irin karkarwar murya da ke cikin tsofaffin Fender ko lilon Roland JC-120, dole a kashe shi kafin ɗauka.

Sai batun mamurɗai. Kwafi tamkar awon tela ne: jikin da ya gani ran da aka je shi ya auna. Mamurɗan da ke fuskar manhaja tacewa suke yi a gaba ko a bayan raga, ba su ne na amfilifayar ba. A amfilifaya ta gaske mamurɗan kauri da tsakiya da tsini a sarƙe suke, ka taɓa ɗaya sauran su motsa, kuma a wasu ƙirar suna gaban inda kaushi ke tsirowa, a wasu suna bayansa. Kemper ya yi ƙoƙarin rufe wannan giɓi a 2023 da tsarin Liquid Profiling, wanda ke ɗora lissafin mamurɗan asali a kan kwafi. Ga mai NAM, hanya mafi sauƙi ita ce ya yi kwafi da yawa, kowane saiti da nasa.

Na ƙarshe shi ne naɗewar amo. A awon 48,000, abin da ya haura 24,000 Hz ba shi da mazauni, sai ya naɗo ya faɗo ƙasa. Amo mafi tsini a jita mai gaɓa 24 yana kan 1,318.5 Hz. Ɗansa na 30 yana kan 39,555 Hz, ya naɗo ya sauka a 8,445 Hz, wurin da ba shi da dangantaka da uwar amon. Shi ne ɗan ƙarfe-ƙarfen da kunne ke tsinta a saman wuyan jita idan kaushi ya yi yawa. Akwatin sifika yana dusashe mafi yawansa, amma ba duka ba.

7.0 Amfilifayar wa za a kwafa?

Wanda ya leƙa rumbunan kwafi da ke intanet zai tarar Marshall da Fender da Mesa/Boogie ne suka cika su. Amma jitar lantarki tana da gida a yankinmu. Agadas ta fitar da Bombino, ta fitar da Etran de L'Aïr, ƙungiyar da ta yi suna a wuraren biki tun 1995. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori kafin Sahel Sounds ta Christopher Kirkley ta kai su ƙetare. Muryar jitar biki a filin Allah tana da nata hali, kuma wani ɓangare na halin daga kayan yake: amfilifaya mara bawul da aka ƙure, sifikar da ta sha ƙura da zafi, gyaran da mai gyaran rediyo ya yi da abin da ya samu. Irin waɗannan na'urori idan suka mutu ba a samun irinsu, domin babu kamfanin da ya ƙera su a haka.

Ina ganin wannan aiki ne da ya dace sassan nazarin kiɗa da na injiniyan lantarki a jami'o'inmu su haɗa hannu a kai, kuma a nan hanyar da na fifita a baya ba ta wadatar. Sifikar da aka matsa wa har takardarta na kakkaɓewa ta fita daga miƙaƙƙen tsari, IR ba zai kama ta ba. Dole a kwafe ta tare da amfilifayar ta makirufo, a ƙarar da ake kaɗa ta a wurin biki, sannan a ƙara da kwafin amfilifayar ita kaɗai. Kowane fayil ya tafi da takardarsa: ƙirar na'ura da gyaran da aka yi mata, hoton mamurɗai, rufin sigina a dBu, volt ɗin soket da tushen wutar, irin makirufo da mazauninsa, da ESR. A saman takardar a rubuta sunan mai amfilifayar da amincewarsa, da sharaɗin da ya gindaya idan wani zai sayar da kwafin ko ya yi faifai da shi.